Daga Tudun Wada Zuwa Yawuri Neman Wutar Inji

Duk wanda ya san Zariya ya san ba garin jiragen ruwa ba ne, gama Kubanni, wanda ya ratsa tsakanin Tudun Wada da Sabon Gari, da rani akwai wuraren da yaro zai tsallake shi bai jiƙa wandonsa ba, Galma kuwa, ko da yake shi ke shayar da fadamun da ake noman tumatir da rake da albasa, bai kai girman da zai sa mutum ya ɗaura wa kwalekwale inji ba. Abin da aka san Tudun Wada da shi tun zamanin Turawa shi ne karatu da ɗab'i, domin nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, nan kuma Malam Abubakar Imam ya yi aikin jarida shekara da shekaru, shi da ya rubuta labarin zuwansa Ingila na 1943 ya sa masa suna Tafiya Mabuɗin Ilmi. Amma banda ma'abota alƙalami, unguwar nan tana da waɗansu malamai na daban, waɗanda allonsu buhun siminti ne da aka shimfiɗa a ƙasa, aka zube notina a kai, wato makanikan babur da janareto da injin ban-ruwa, kuma a sanadiyyar ɗaya daga cikinsu ne na ga Yawuri.

Wannan bakanike maƙwabcina ne, dattijo mai ƙarancin magana, wanda manoman rani na bakin Galma suka daɗe da sanin hanyar rumfarsa. Wani ɗan kasuwa da ke sayo albasa da busasshen kifi daga Yawuri ya zo masa da saƙon surukinsa, mai jiragen fito, cewa injuna biyu sun kwanta masa a daidai lokacin da kaya suka fi yawa, an kashe kuɗi har an gaji, ba a ga biyan bukata ba. Da na tambaye shi yadda mutumin tudu zai yi da injin ruwa, sai ya ce, «Malam, ai inji bai san ruwa ba, bai san tudu ba. Abu uku yake nema: mai, da matsi, da wuta a kan lokacinta. Wanda ya ɓace a cikin ukun nan shi za mu je nema.» Ya biya Sabon Gari ya sayi fulogai da kwayil da waya da salatif, ya ɗaure su tare da sifanu da mitarsa a cikin tsohuwar jaka, ni kuwa, da yake gani ya kori ji, na roƙa a tafi da ni, aka yarda.

Muka tashi bayan sallar asuba cikin tsakiyar hunturu, hazo ya rufe gari har ba a ganin fitilun motar da ke gabanka sai ta matso, muka bi ta Kaduna, muka miƙa yamma ta Birnin Gwari, hanyar da a wancan lokacin matafiya ke bi da addu'a a bakinsu saboda ɓarayin daji, direbobi kuma ba su yarda su shiga ta sai rana ta ɗaga an haɗu ayari guda. Allah ya kiyaye, muka fita lafiya ta Tegina, muka yi sallar ƙasaru a Kwantagora, garin da Umaru Nagwamatse, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar Atiku, ya kafa, wanda har yau sarkinsa ke riƙe da sarautar Sarkin Sudan. Daga nan ƙasa ta fara sauka, giginyu suka fara bayyana, iska ta sake ƙamshi, har muka iso Yelwa, fadar Sarkin Yawuri, rana na gab da faɗuwa, sai ga ruwa shimfiɗe gabanmu iyakar ganin ido, wanda mutumin Zazzau in ya fara ganinsa ba ya rasa yin tasbihi.

Kogin Kwara ke nan, ko kuwa a ce bakin tafkin Kainji ta arewa, domin tun da aka datse kogin da madatsar da aka fara ginawa a 1964 aka gama a 1968, ruwa ya koma baya ya cika kwari mai tsawon kimanin kilomita 130, ya haɗiye tsohuwar Busa da tsibirai da gonaki masu yawa, aka tashi dubban mutane aka sake musu matsuguni. A nan Yawuri ne Baturen nan Mungo Park ya yada zango kafin jirginsa ya faɗa cikin duwatsun Busa ya halaka a 1806, nan kuma 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka zo a 1830 suna cigiyar takardunsa. Duwatsun da suka kashe shi yanzu suna can ƙarƙashin ruwa, jiragen albasa na ratsawa ta kansu. Mutanen ruwan kuwa iri-iri ne, akwai Gungawa, mazauna tsibirai na asali, akwai Sarkawa, masuntan da kakanninsu suka gangaro daga ƙasar Kabi, akwai Nufawa da sauransu, Hausa ce ta haɗa su duka a ciniki.

Da gari ya waye muka gangara bakin ruwa, inda jirage ke jere kai da kai, dogayen jiragen katako da ake wa lodin buhunan albasa da shinkafa da babura da awaki da mutane, ga kuma mata suna shanya warangi, ƙananan kifayen nan farare, waɗansu suna banda tarwaɗa da karfasa. A gindin kusan kowane babban jirgi inji ne a rataye, mai doki 15 ko 25 ko 40, manya har 75, akasarinsu ƙirar Japan, irin su Yamaha da Suzuki. Asalin irin wannan inji na ratayawa, wani mutumin Norway mazaunin Amurka, Ole Evinrude, shi ya fara ƙera wanda ya karɓu a kasuwa a 1909, kamfanin Yamaha kuwa bai fitar da nasa na farko ba sai 1960. Amma yau in ka ji yadda yaran bakin ruwan nan ke rarrabe muryar mai doki 25 da ta mai doki 40 tun jirgi na nesa, sai ka ce kakanninsu suka gada. Filafili da gora ba su ɓace ba, amma tafiyar da dā ake kwana a kanta yanzu ana yin ta tsakanin hantsi da azahar, arzikin gari kuma ya rataya a kan wannan saurin.

Mai jiragen, wani Alhaji kakkaura, ya tarbe mu da girmamawa, bayan an gaisa an tambayi iyali da gajiyar hanya sai ya sa aka fito da injin farko aka kafa shi a kan wani katako ƙarƙashin rumfa, ya kuma ɗauko wani ɗan baƙin akwati sabo fil a cikin kwalinsa ya ajiye gabanmu. Ya ce, «Malam, ka ga wannan, ƙwaƙwalwa ce aka ce ta mutu, na aika aka sayo da tsadar gaske, aka ɗaura, inji ya ce bai san zance ba. Yanzu kuma an ce in sayo magineto ɗungurungum.» Bakaniken bai taɓa akwatin ba, sai ya ce a kira masa yaron da ke tuƙa jirgin, ya zaunar da shi ya shiga yi masa tambaya ɗaya bayan ɗaya: ran da ya mutu, yana cikin tafiya ne ko da safe aka ja ya ƙi? Ya yi tari kafin ya mutu, ko ɗif ya ɗauke? An yi ruwa, ko igiyar ruwa ta watsu a kansa? Wa ya buɗe shi na ƙarshe? Yaron ya ce kwanaki kafin nan injin yakan ɗauke ya dawo in an murɗa hannun tuƙi zuwa hagu sosai, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya. Na ga bakaniken ya gyaɗa kai, amma bai ce kome ba.

Abin da ya fara yi shi ne tabbatar da cewa laifin na wuta ne, gama sau da yawa akan ɗora wa wuta alhakin abin da mai ya aikata. Ya matsa 'yar robar da ke tura fetur har ta yi tauri, ya kwance noti a gindin kafireto ya tari man da ya zubo a cikin murfin gwangwani, ya ɗaga shi ga haske yana duban ko akwai ɗigon ruwa kwance a ƙasa, tun da ruwa ya fi fetur nauyi, bai ga kome ba. Ya cire fulogai biyu, ya toshe ramin da babban yatsansa, ya ce yaro ya ja igiya, iska ta ture yatsan da ƙarfi, ya ce matsi na nan. Sa'an nan ya juya fulogan a tafin hannunsa yana nuna mini, ya ce bakin fulogi shi ke ba da labarin abin da ke faruwa a ciki: in ya yi ruwan ƙasa-ƙasa a bushe, lafiya lau ake ƙonawa, in ya yi baƙi da maiƙo, baƙin mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, in ya yi fari fat, zafi ya yi yawa, fistan na cikin haɗari. Waɗannan kuwa jiƙe suke sharkaf da ɗanyen fetur, alamar mai na isowa, ba abin da ke kunna shi.

Daga nan ya sa aka kawar da jarkar fetur nesa, aka goge wanda ya zube, domin tartsatsi da tururin mai ba su zama wuri guda, ya sa aka rataya tabarma ta tare hasken rana, ya ɗauko wani ɗan abin gwaji da ya haɗa da kansa, katako ne da ƙusoshi biyu suna fuskantar juna da tazarar kimanin milimita 8, ɗaya ya haɗa da wayar fulogi, ɗaya da jikin inji. Na tambaye shi dalilin da bai manna fulogin a jikin ƙarfe ya duba ba, yadda muke gani a bakin titi, sai ya ce tazarar bakin fulogi ba ta kai milimita guda ba, wuta ko mai rauni ce takan tsallake ta a sarari, amma a cikin inji, inda fistan ya matse iska, tsallakewar ta fi wuya ninki-ninki. Saboda haka wutar da ba ta iya ƙetare tazara mai faɗi a waje da shuɗin haske da ƙara ƙyas, shaidarta ba abar karɓa ba ce, ja ko ruwan ɗorawa kuwa mai rauni ce. Ya kuma gargaɗi yaran kada su kuskura su ja igiya alhali wayar fulogi na reto ba ta haɗe da kome, gama wutar da ta rasa mafita takan koma ta ci kwayil ko akwatin. Aka ja, aka sake ja, sama da ƙasa, ko ƙyas.

Ya kamata a nan in bayyana silsilar da wutar nan ke bi, kamar yadda ya fassara mini ita muna zaune, domin wanda bai san silsilar ba, ba shi da hanyar sanin inda ta yanke. A saman inji akwai faifan ƙarfe mai nauyi wanda igiya ke juyawa, makanikai na ce masa magineto, a cikinsa an manne maganaɗisu. Ƙarƙashinsa akwai naɗin waya wanda in maganaɗisun ya gifta shi yakan haifar da lantarki, a aika da shi cikin baƙin akwatin nan da ake kira CDI, wanda jama'a ke ce wa ƙwaƙwalwa, shi kuwa ya tara shi ya riƙe. Akwai wani ƙaramin naɗin kuma wanda aikinsa kawai ya ba da ishara cewa fistan ya kusa kaiwa ƙololuwa, da isharar ta zo sai akwatin ya saki abin da ya tara gaba ɗaya zuwa kwayil, kwayil ya ninka shi ya kai dubban bolt masu yawa, ya bi ta waya mai kauri da hular fulogi, ya yi tsalle a bakin fulogi, mai ya kama. Irin injunan nan kuwa kowane juyi guda sai an kunna, saboda haka in inji na juyi 5,000 a minti, kowane fulogi na ƙyastawa fiye da sau 80 a daƙiƙa ɗaya, ba batir, ba kome, sai juyin faifan nan kaɗai.

Sauran abu guda a cikin silsilar, wanda mutane ke mantawa da shi saboda ƙanƙantarsa, shi ne maɓallin kashewa, kuma hikimarsa ita ce ba ya yanke wuta, sai dai ya buɗe mata gajeriyar hanya ta zube a jikin inji kafin ta kai kwayil. Ma'ana, duk inda wayar wannan maɓalli ta goge ta taɓa ƙarfe, ko ruwa da tsatsa suka cika cikin maɓallin, to inji a kashe yake har abada, ko da an ɗaura masa sabon akwati goma. Bakaniken ya bi wayoyi da yatsa har ya sami wadda ta fito daga maɓallin, ya zare ta daga mahaɗarta, ya ce a ja. Sai ga shuɗiyar wuta ta tsallake ƙusoshin nan da ƙara, har yaran suka ja da baya suna dariya. Ya bi wayar cikin hannun tuƙi, ya zaro ta, a daidai inda hannun ke lanƙwasawa roba ta cinye, jan ƙarfe ya fito tsirara wajen faɗin ƙwayar shinkafa, gefensa ya yi kore. Abin da yaron ya faɗa tun farko ke nan, cewa sai an murɗa hagu yake ɗaukewa. Aka sake waya, aka mayar da tsohon akwatin da aka ce ya mutu, aka rataya injin a gindin jirgi ƙafarsa cikin ruwa, gama 'yar farfelar roba da ke zuƙo ruwan sanyaya shi takan ƙone nan da nan in aka tayar da shi a bushe, ja biyu ya tashi. Alhaji ya dubi sabon akwatinsa, ya dubi 'yar wayar, ya ce, «Innalillahi! Ashe kuɗina a nan suka tafi.»

Inji na biyu mas'alarsa ta fi wuya, domin a bakin ruwa ba shi da aibi ko kaɗan, ja ɗaya yake tashi, wutarsa shuɗiya sama da ƙasa, sai an yi nisa da kaya ƙarfinsa ya karye, ya riƙa kakkarwa yana jan jirgi da ƙyar, in an huta ya huce kuma ya dawo garau. Bakaniken ya ce irin wannan ba a kama shi sai a cikin halin da yake aikata laifin, saboda haka aka ɗora buhuna don nauyi, aka sa filafilai, wani dattijo Basarke ya shiga gaba don nuna hanya, muka nufi wajen Zamare, inda ake fito zuwa Rofiya a ɗaya gaɓar. Ruwan ya cika maƙil, yana da duhu da tsabta, dattijon ya ce mini baƙin ruwa ke nan, wanda ke isowa da hunturu, gama Kwara sau biyu yake kawo ruwa a shekara: farin ruwa mai laka na damina, wanda ruwan saman ƙasashen nan namu ke kawowa, da kuma wannan, wanda ya zuba tun damina a duwatsun ƙasar Gini, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali yana ajiye lakarsa, sa'an nan ya iso. Yana magana yana nuni da hannu dama ko hagu, don a kauce wa kututturan itatuwan da ruwa ya ci tun zamanin madatsa, waɗanda har yanzu suna tsaye ƙarƙashi suna jiran cikin jirgi ko farfela.

Ba mu daɗe ba muryar injin ta sauya, gudu ya ragu wajen rabi. Bakaniken ya ce a kashe, ya ɗaga murfi tun da zafinsa, ya sa katakonsa: fulogin sama wuta lafiya, na ƙasa shiru. Tun da ɗaya na aiki, ya ce, faifai da babban naɗin da maɓalli sun kuɓuta, gama da su ne da duka biyun sun ɗauke. Saura kwayil na ƙasa, ko hular fulogi, ko ɓangaren akwatin da ke aika masa. Maimakon ya yi zato, sai ya musanya kwayil ɗin biyu, na sama ya koma ƙasa, na ƙasa ya koma sama, aka ja, sai shirun ya bi kwayil ɗin ya hau sama. Ya sa masa mita yana da zafi, allura ba ta motsa ba, alhali da safe yana sanyi ta nuna daidai. Dalili kuwa, wayar da ke naɗe a cikinsa ta fi gashin kai siranta, in ta tsinke a wuri guda bakunan kan taɓa juna muddin akwai sanyi, da zafi ya kumbura abin da ke riƙe da su sai su rabu. Ya nuna mini wata tsaga siririya a jikin baƙar robar, da ɗan tabo mai ruwan toka inda wuta ke tsiyaya.

A ɗan lokacin nan da yake ɗaura sabon kwayil na gane bambancin da ke tsakanin bakaniken tudu da na ruwa. Mota in ta mutu a hanyar Funtuwa, hasararta ɓata lokaci ne, fasinja su sauka su zauna gindin itace. Amma jirgi da injinsa ya ɗauke ba ya tsayawa inda yake, iskar hunturu ta juya namu ta ba igiyar ruwa gefensa, ya fara tangaɗi, ruwa na fantsamowa a kan buhuna, dattijon da yaro suka kama filafilai suna ƙoƙarin mayar da hancinsa ga iska, kuma da a ce lodin kasuwa ne, da mata da yara, kowa ya miƙe don tsoro ya koma gefe guda, Allah kaɗai ya san yadda za a ƙare. Mutanen nan ba su manta da watan Mayu na 2021 ba, lokacin da wani jirgi ɗauke da mutane fiye da ɗari ya nutse kusa da Wara, cikin ƙasar Ngaski, 'yan kaɗan suka tsira. Abin da aka fi ambata game da wancan shi ne lodi ya wuce ƙima, amma ya isa ya nuna cewa tafkin nan ba ya ba da damar gyara kuskure sau biyu.

Da la'asar, labari ya riga ya bazu, wani maƙwabcin Alhaji ya zo da nasa injin, wuyan hannunsa ɗaure da tsumma, ya ce igiya ce ta fizge shi. Wannan yana da mai, yana da matsi, wutarsa kuma shuɗiya ce mai ƙarfi, amma ba ya tashi, sai dai ya yi harbi ta baya ya ƙwace igiya. Bakaniken ya ce, «Ɗan'uwa, farfela ta bugi wani abu kwanan nan?» Ya ce ƙwarai, ya hau kututture da gudu, injin ya tsaya cak. Aka kwance babban notin, aka ɗaga faifan da abin zaro shi, gama bakaniken ya hana a sa guduma, ya ce duka na fasa maganaɗisu ya lanƙwasa sandar inji. Tsakanin faifan da sandar akwai ɗan ƙarfe mai siffar rabin wata, bai kai farcen babban yatsa ba, wanda ke riƙe su a daidai matsayin da aka ƙaddara. Ya yanke biyu, faifan ya goce, saboda haka wuta na zuwa, amma ba a kan lokacinta ba, tana kunna mai tun fistan bai kai inda ya kamata ba, ya koma da baya. Ya ce galibi sai notin ya yi sako-sako hakan ke faruwa, wato wani ya taɓa buɗewa bai ɗaure yadda ya kamata ba.

Bayan sallar isha'i matuƙa suka taru a ƙofar gidan Alhaji, aka kawo tuwon shinkafa da miyar kifi, hira ta koma kan fulogi, wanda suka ce suna canzawa ba adadi. Bakaniken ya tambaye su yadda suke haɗa mai, sai ya tarar kowa da ma'auninsa, wani da gwangwanin madara, wani da ido, wani ma da baƙin man da aka juye daga mota, don ya fi araha, kuma dukansu sun yi ittifaƙi cewa gara ya yi yawa da ya yi kaɗan. Ya ce musu gaskiya ne ƙarancinsa na kashe inji, amma yawansa ke toshe bakin fulogi da baƙin maiƙo har wuta ta bi ta cikin dauɗar ta zube ba ta yi tsalle ba. Ƙa'idar mafi yawan injunan nan, in sun wuce sabunta, kashi ɗaya ne cikin 50, wato rabin lita na man da aka yi don irinsu a jarka mai lita 25, sai fa in takardar injin ta faɗi wani abu daban. Ya ƙara da cewa fulogi lamba gare shi, ba kowane wanda ya shiga rami ne daidai ba, kuma jabu ya yi yawa a kasuwa, wanda kwalinsa ya fi na gangariya ƙyalli.

Abin da na ɗauka daga wannan tafiya, bayan na yi ta tunani a kansa, shi ne cewa gyaran da ya ci sunansa shari'a ce, bakanike kuwa alƙali ne, wanda ba ya halatta ya yanke hukunci bisa zato ko bisa yawan masu ƙara, sai ya saurari mai da'awa, ya nemi shaida, ya fara da na kusa kafin na nesa, da mai sauƙi kafin mai wuya, ya kuma sallami wanda hujja ta wanke. Akwatin CDI shi aka fi tuhuma a bakin ruwan nan, ba don ya fi sauran lalacewa ba, sai don a rufe yake ruf, ba mai ganin cikinsa, mutum kuwa in ya jahilci abu yakan ɗora wa ɓoyayye laifi. Alhali tartibin da ya dace shi ne a bar shi ƙarshe, bayan fulogi da hula da maɓalli da mahaɗan waya da kwayil da naɗe-naɗen ƙarƙashin faifai duk sun ba da shaidar lafiyarsu. A injuna ukun nan ba wanda akwatinsa ya mutu. Waya guda ce, da kwayil guda, da ɗan ƙarfen da kuɗinsa bai kai na kwanon abinci ba.

Da za mu taso, bakaniken ya tara matuƙan ya ce kada jirgi ya bar gaɓa ba fulogai biyu sababbi a cikin leda, da sifanar fulogi, da igiyar ja ta ajiya, da filafilai, kuma kowa ya san wayar maɓallinsa da ido, ya san in ya zare ta inji ya tashi to ba zai kashu da maɓalli ba, sai a ja cok ko a cire tiyon mai. Alhaji ya sallame shi da kuɗi da kwandon banda, ya kuma ce akwai wata bukata da ta fi wannan: yaron nan mai tuƙi ɗan ƙaninsa ne, tun da shi ya lura da abin da manya ba su lura da shi ba, yana so a tafi da shi ya koyi aikin daga tushe, don kada gobe a sake aikawa har Zazzau saboda waya guda. Bakaniken ya ce, «Alhaji, na karɓa, amma da sharaɗi: ba zai ɗaura sabon kaya a injin kowa ba sai ya nuna mini hujjar mutuwar tsohon.» Aka yi fatiha a kan haka. Yaron yana nan Tudun Wada yanzu, yana kwance janareto da injin ban-ruwa na manoman Galma, kuma an yi alkawari da ya ƙware zai koma Yelwa ya kafa rumfarsa a bakin ruwa. Allah ya sa albarka, ya kiyaye masu fito da waɗanda suke ɗauka.